Sun gyara min banɗaki, tanki guda ya juye a shagon tela: sharhina kan kamfanin masu famfo da takaful ɗina

Salam jama'a. Na daɗe ina son rubuta wannan abin amma na bari sai da ƙura ta lafa, dan in da zafina na rubuta abinda zai fito ba zai yi daɗin karantawa ba. Sharhi ne akan ɓangare biyu, kamfanin masu aikin famfo da suka min aiki a gidana nan Kano, da kuma kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, da gidan yake ƙarƙashinsu. Ba zan kama sunan kowa ba, har yanzu akwai sauran magana tsakanina da na farkon, kuma irinsu suna da yawa a gari, sunan ɗaya ba shi zai tsare ka ba.

Gidan bene ne hawa ɗaya, ni da iyali muna sama, ƙasa shaguna biyu ne, ɗaya wani dattijo tela yake haya a ciki shekara shida kenan, Baba tela muke ce masa. Fayif ɗin gidan na ƙarfe ne tun ginin farko, duk sun yi tsatsa, in ka buɗe famfo da safe ruwan jajawur yake fara zuwa, shawa kuma sai ɗis ɗis kamar ana mata dole. Maman yara ta dame ni, nace toh bari a cire su gaba ɗaya a sa PPR, koren roban nan da ake gasawa da inji, a ƙara da ɗan famfon da yake ƙarawa ruwa ƙarfi. Da gangan na ƙi kiran falamba na bakin titi, nace gara kamfani mai rajista, wanda in wani abu ya faru akwai ofis ɗin da zan je. A Instagram na gansu, hotuna masu kyau, yaransu da riga iri ɗaya, lambar CAC a jikin rasit. Naira 1,150,000 muka yi dasu banɗaki biyu da kicin, kaya da aiki duk nasu, su suka je Ƙofar Ruwa suka sayo komai. Na tambayi manajan garanti, ya turo min murya a WhatsApp yace Alhaji wata shida muke bayarwa, ko ɗigo ɗaya ka gani ka kira ni. Wannan muryar ita kaɗai ce shaidata daga baya, ba wata takarda.

Gaskiya in za a bi ta ido aikin yayi kyau. Sun zo akan lokaci, kwana biyar suka gama, sun share wajen, tayil ɗin da suka mayar baka ma gane an taɓa shi. Abu ɗaya na gani da idona na yi shiru, shine ranar ta uku ba wuta, suka jona injin gashin a ƙaramin janareto, yaron da yake haɗa fayif ɗin yana ta taɓa bakin injin da guntun roba yana girgiza kai, ogansa yace kai yi sauri magini yana jira. A ranar aka shafe bangon da siminti. Ba a gwada komai ba, kawai an buɗe famfo anga ruwa na zuwa akace shikenan.

Goman ƙarshe na azumin 2025 abin ya faru, sati uku da gama aiki. Wajen ɗaya na dare aka kawo wuta, ɗan famfon ƙara ƙarfin ruwan ya tashi da kansa, haɗin da yake cikin bangon banɗakin yara ya saɓule. Mu muna bacci. Yaran Baba tela da suka saba kwana a shago suna ɗinkin sallah ranar mai ya ƙare musu sun tashi da wuri. Da Maman yara ta tashi ɗora sahur ta taka ruwa a falo har idon sawu, ta kwala min kira. Tankinmu lita 2000 ne kuma cike yake, lita ɗaya kilo ɗaya ce, kenan wajen tan biyu na ruwa ya bi bango ya bi dakali ya sauka ƙasa. Na fita da fitilar waya na kashe mita na rufe bawul ɗin gindin tanki, amma ina, tankin har ya kusa ƙarewa.

Bazan manta lokacin da Baba tela ya buɗe shagon bayan asuba ba. Silin ɗin POP ya jiƙe ya rufto akan teburin yanka, farin ruwa kamar kunun kanwa ya bi ta kan shaddoji, wata ruwan toka da aka gama mata aikin wuya baƙin zare ya zuba a jikinta, keken sirfani na lantarki ruwa na ɗiga ta cikin kansa. Kayan mutane ne, kaya 14, kwana takwas ya rage sallah. Dattijon nan bai min faɗa ba, ya ɗaga shaddar nan yana kallo yace Alhaji, wannan ta ango ce. Wallahi da zagina yayi da yafi min sauƙi.

Toh anan aka fara wa zai biya.

Na kira manajan kamfanin famfo sau tara kafin ya ɗauka. Da yazo da rana bai ko cire takalmi ba ya fara cewa ai fayif ɗin kasuwa yanzu jabu sun yi yawa. Nace Injiniya waye ya sayo fayif ɗin? Yayi shiru. Sai ya koma ai famfon yafi ƙarfin layin. Nace waye ya zaɓi famfon, waye ya ɗaura? Daga nan sai ya dawo kan ƙaddara, Alhaji abinda Allah ya rubuta, muma bamu so ba, zamu gyara wajen kyauta. Wato garantin wata shidan a wajensu ma'anarsa su sake haɗa elbo ɗaya, gwiwar nan da take haɗa fayif da fayif, na ɗari biyar, silin da fenti da wayarin da kayan mutane kuma ba ruwansu. Na tambaye shi kai tsaye, kamfaninku yana da inshorar da take biyan ɓarnar da kuka yiwa mutane a wajen aiki? Ya kalle ni kamar na masa wani yare. Babu. Kamfanin da yake shiga gidajen mutane yana fasa bango yana jan ruwa ta saman kayan miliyoyi, bashi da ko sisi da aka ajiye domin ranar da hannu zai kuskure. Wannan ita ce tambayar da ya kamata in yi tun kafin in tura kuɗin farko, kuma akwai irin wannan inshorar a Najeriya, kamfanonin inshora suna sayar da ita ga 'yan kwangila.

Falamban da na kira daga baya, wani dattijo da ya shekara sama da ashirin a sana'ar, shi ya fasa bangon a gabana da gaban mutumin takaful, ya ciro haɗin ya ɗora min a tafin hannu. Cikin elbo ɗin sumul yake kamar sabo, ba alamar robar ta narke. Yace PPR ba gam ake sa masa ba, narkar dashi ake su zama abu ɗaya, injin sai ya kai zafin digiri 260, ƙaramin fayif daƙiƙa biyar zuwa bakwai ne a bakin inji, sannan a tura shi a miƙe ba murɗawa. In zafi yayi yawa ramin ya tsuke, in bai kai ba haɗin ya zama na ƙarya, zai riƙe ruwan tanki dan ruwan da yake gangarowa daga sama bashi da wani ƙarfi, kowane mita 10 na tsayi bar ɗaya ne kacal a agogon gwaji, bar ɗin shine ma'aunin ƙarfin ruwa, amma da famfo ya danna sai ya tafi. Kuma yace duk wannan da an gano shi a ranar da an ɗaura ɗan famfon gwaji na hannu mai agogo, a toshe bakuna a danna ruwa a zuba ido ko allurar zata sauka, kafin a shafe bango. Kamfanin nan ko injin gwajin basu dashi.

Yanzu takaful. Ni ba wai wayo ne yasa nayi ba, lokacin da na karɓi kuɗin ƙarasa saman gidan a bankin Musulunci a 2021 su suka sa sharaɗin, naci gaba da sabuntawa duk shekara ba tare da na taɓa zama na karanta takardar ba. Ga wanda bai saba da sunan ba, takaful tsarin inshora ne na taimakekeniya, kowa yana zuba gudummawa a asusu ɗaya, wanda musiba ta samu a biya shi daga ciki, kamfanin yana kula da asusun ne a matsayin wakili, kuɗin kuma ba a juya su a harkar riba. Hukumar NAICOM mai kula da inshora ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. Allah ya taimake ni na biya kuɗin shekarar tun Janairu, dan doka ta ce in baka biya ba babu kariya, ko da takarda a hannunka.

Na kira su ƙarfe tara na safe, wata baiwar Allah ta ɗauka, kuma gaskiya ta burge ni. Tace yallaɓai kar ka zubar da komai, kar ka bari a gyara komai sai dai tsayar da ruwan da kwashe abinda za a iya cetowa, ka ɗauki hoto da bidiyo ta ko'ina, ka turo mana a rubuce yau. Sai ta ƙara da abinda ya cece ni, tace in masu aikin sun kawo maka wata takarda ta sulhu kar ka sa hannu sai ka nuna mana. Kwana biyu tsakani kuwa sai ga manajan da ambulan, dubu 200 da takarda da turanci cewa na karɓa kuma na yafe duk wata magana har abada. Ashe in inshora ta biya ka, haƙƙin bin wanda yayi ɓarnar yana komawa hannunta gwargwadon abinda ta biya, in ka riga ka yafe masa ka toshe musu hanya, suna iya cewa suma ba zasu biya ba. Da ban ji maganar matar nan ba da na yi biyu babu.

Mai ƙiyasta asara yazo kwana na huɗu, ajosta suke ce masa, mutum mai natsuwa da tef ɗin awo da littafi. Tambayarsa ta farko, ruwan nan farat ɗaya ya ɓalle ko ya daɗe yana tsiyaya? Dan takardata ta gobara ce da wasu haɗura na musamman, a ciki akwai fashewa ko tumbatsar tanki da fayif, amma banda yoyon da yake cin bango a hankali da lalacewar tsufa. Elbo ɗin nan da rasit ɗin aikin sati uku su suka nuna farat ɗaya ne. Sai dai ya gano wani bango a kicin da fentinsa ya daɗe da kumbura tun zamanin fayif ɗin ƙarfe, ya cire shi daga lissafi, kuma banga laifinsa ba, gaskiyarsa ce.

Lissafin ga yadda ya tafi. Magini da mai POP da mai wayarin da mai fenti suka kawo jimla 2,400,000. Aka cire 300,000 na bangon kicin. Aka cire 100,000 na sake aikin fayif ɗin kansa, wai su ɓarnar da ruwa yayi suke biya, aikin banzan da ya jawo ruwan tsakanina da wanda yayi ne. Saura 2,000,000. Nan na ɗauka an gama, ashe ba a nan gizo yake saƙar ba. Yace Alhaji gidanka miliyan 30 ka rubuta tun 2021 baka taɓa ƙarawa ba, yau in za a sake gina shi miliyan 50 ne, kenan kashi 60 cikin ɗari ka saka a kariya, kashi 40 kai ka ɗaukarwa kanka, dan haka ko wace asara kashi 60 za a biya. Na so inyi musu amma da me, buhun simintin da muka saya ƙasa da dubu biyar lokacin ginin, a farkon 2024 ya haura dubu goma, kowa ya gani. Ya zama 1,200,000, aka sake cire kashi 10 na kason da mai gida yake ɗauka a kowace asara, na tashi da 1,080,000. Sati bakwai daga ranar da na kira zuwa ranar da alat ya shigo, an sa ni cike fom sau biyu dan na farkon wai ya ɓata, amma ba wanda ya nemi na goro, ba wanda ya daina ɗaukar wayata.

Inda nake da ƙorafi dasu sosai, kuma har gobe ina nan akai, shine kayan Baba tela. Ko kwabo basu biya ba. Takardata gini kaɗai ta rufe, ba kayan cikin gida, ba haƙƙin wani da gidana ya cutar. Kafet ɗinmu da kujeru na haƙura, amma wakilinsu da yake zuwa karɓar sabuntawa duk shekara ta ƙofar shagon nan yake wucewa, har hula Baba tela ya taɓa gyara masa, bai taɓa cewa Alhaji kana da 'yan haya, akwai ɓangaren da yake biyan wanda ya cutu ta dalilin gininka, ƙara kaza ne. Bai kuma taɓa cewa kuɗin gini ya tashi ka ƙara darajar gidan ba. Shi dai a sabunta ya wuce. Sai bayan an yi ɓarna nake jin cewa dokar inshora ta 2003 ma ta wajabta wa ginin da yake da 'yan haya inshorar da zata rufe haƙƙin masu amfani da ginin, ta ambaci rushewa da gobara da girgizar ƙasa da guguwa da ambaliya. Ku lura fashewar fayif baya cikin jerin nan da sunansa, dan haka mai 'yan haya ya sa a rubuta masa shi ɓaro ɓaro a takarda. Wannan dokar an maye gurbinta da sabuwa da Tinubu ya sawa hannu a Agustan 2025, ni dai da nazo sabuntawa zama nayi da ma'aikaciyar nan muka bi takardar layi layi tana fassara min, awa ɗaya da rabi, na ƙara darajar gidan na ƙara ɓangaren 'yan haya da na kayan ɗaki.

Maganar Baba tela a zaure aka yi ta. Masu kaya shi suke bi, shi kuma ni yake kallo, ni kuma ina kallon kamfani. Mun ƙiyasta asararsa 900,000 harda gyaran keken sirfani. Ban jira kowa ba na sayar da wani abu nawa muka shiga Kantin Kwari aka sake sayen shaddar mutum tara, harda ta angon, yaransa suka kwana huɗu basu runtsa ba, sauran biyar ɗin masu su suka ce a wanke a buga musu sun yafe, Allah ya saka musu. Bayan sallah mai unguwa ya tara mu da limamin masallacinmu da manajan kamfanin. Manajan ya sake ɗauko zancen ƙaddara, liman yace masa Malam, ƙaddara gaskiya ce, amma a shari'a mai sana'a in ya ɓata abu ta hanyar sakaci ko rashin bin ƙa'idar sana'arsa lamuni yana kansa, imani da ƙaddara baya sauke bashi. Aka kira yaron da yayi haɗin, yaro ɗan shekara ashirin da wani abu, kansa a ƙasa yace Baba gaskiya injin bai yi zafi ba ranar, na faɗa akace in ci gaba. Wannan yaron shine mutum mafi daraja da na gani a kamfanin nan kaf. Da naji suna shirin zaftare masa albashi nasa aka rubuta a takardar sulhu cewa ba za a taɓa kuɗinsa ba, dan ba shi ya hana gwaji ba, ba shi ya kawo ƙaramin janareto ba.

Ko da hakan sai da na ambaci kotun ƙananan basussuka sannan jikin manajan yayi sanyi. Irin kotun nan Legas ta fara a 2018 Kano ta biyo baya, ba sai ka ɗauki lauya ba, kuma muryar WhatsApp da rasit da elbo duk suna hannuna, ga wasiƙar da takaful suka aika musu ta neman nasu kuɗin. Akwai kuma hukumar FCCPC ta kare haƙƙin masu saye, ita ma na faɗa masa zan kai. Aka tsaya akan 700,000 zasu bani na asarar da takaful bata rufe ba, kashi uku, na nuna wa takaful takardar kafin in sa hannu suka gyara layi ɗaya dan kar ta shafi nasu haƙƙin. Kashi na farko ya shigo akan lokaci, na biyu da latti na sati uku da kira ba adadi.

In maki zan bayar, kamfanin famfo tauraro ɗaya cikin biyar, kuma ɗayan ma na yaron nan ne. Tsafta da zuwa akan lokaci da riga iri ɗaya duk suna da kyau amma abinda na biya kuɗi dominsa yana cikin bango inda bana gani, kuma nan ne suka ci amanata, sannan da ta ɓaci suka fara neman hanyar zamewa da ambulan ɗin dubu 200. Bazan sake kiransu ba, ɗan uwana ma da ya tambaye ni lambarsu na hana shi. Takaful kuma uku da rabi. Sun biya abinda takarda tace ba tare da wulaƙanci ba, ma'aikaciyar nan ita kaɗai ta cancanci biyar, amma wakilin da ya shekara huɗu yana karɓar kuɗina bai taɓa min bayanin abinda na saya ba shi ya ja su ƙasa, kuma takardar duk turancin lauyoyi ce da ƙananan rubutu, a gari kamar Kano ban ga abinda zai hana su buga taƙaitaccen bayani da Hausa shafi ɗaya ba.

Dattijon falamban da ya sake aikin, kafin ya taɓa komai na kawo takarda muka rubuta abinda zai yi, da wanda zai sayi kaya, da cewa ba a shafe bango sai an gwada a gabana, da abinda zai ɗauka in haɗinsa ya saki, ya sa hannu mai unguwa ya shaida. Bai ji haushi ba, cewa yayi Alhaji da haka kowa yake da mun huta da 'yan koyo. Shi ma bashi da inshora, ya faɗa min tun farko bai ɓoye ba, shi yasa na tsaya akan gwajin. Ya sake gasa haɗi 11 da bai yarda dasu ba, ya ɗaura agogonsa da la'asar ya ja layi da biro a inda allurar ta tsaya, yace kar kowa ya taɓa sai gobe. Da safe muka hau tare da Baba tela muka duba, allurar tana kan layin. Sannan aka kira magini.

Kashi na uku na kuɗin, 230,000, tun ƙarshen watan jiya ya kamata ya shigo. Jiya na sake kiran manajan yace Alhaji in sha Allahu Juma'a.